Yadda mai ƙiba zai haɗa motsa jiki da sanyin hunturu don jikinsa ya koma jin insulin

Wannan bayani na mai teɓa ne da aka ce masa a asibiti sugansa ya fara hawa, ko aka ce yana bakin gaɓar ciwon suga. Na daɗe ina fita atisayen safe da irin waɗannan bayin Allah a nan Kano, kuma tsarin da zan shimfiɗa shi ne wanda na ga mutane suna iya ɗorewa a kai. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: motsa jiki shi ne ainihin aikin, sanyi ƙari ne. Ina faɗin haka ne saboda bidiyoyin Turawa masu shiga bahon ƙanƙara sun cika waya, har wasu sun ɗauka wanka da ruwan sanyi zai ɗauke musu wahalar tafiya. Ba zai ɗauke ba.

Kayan da za ka tanada

Takalmin kambas mai laushin ƙasa, wanda yatsunka ke sakewa a ciki. Ba sai sabo ba, na gwanjo a Ƙofar Wambai ya wadatar. Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada shi da safa a ƙafarka. Sai safar auduga, tef ɗin awo irin na tela, ƙaramin littafi da biro, da jarkoki biyu masu cin lita biyar-biyar. Ka nemi takunkumi saboda ƙura, riga mai dogon hannu marar kauri, hula, da man kaɗanya ko basilin. Dabino uku ko suga mai ƙwaya kada su rabu da aljihunka.

Na'urar gwajin suga ita ce mai ɗan tsada, kuma tsinkayenta ne ke cin kuɗi a kai a kai. Idan babu hali, ka riƙa zuwa kemis ko asibitin unguwa ana gwada ka sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai. Ka tsaya a wuri ɗaya, domin na'urori suna ɗan saɓawa da juna.

Abin da ke faruwa a jikinka, a taƙaice

Idan ka ci tuwo ko shinkafa, suna narkewa su zama suga a jini. Insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ne ke sa tsoka ta karɓi wannan suga, kuma tsoka ce ke kwashe mafi yawansa bayan cin abinci. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, sai insulin ya zama kamar baƙon da ke ta rafka sallama a zaure ba a amsa masa; jiki ya yi ta ƙaro insulin, suga kuma yana nan a jini. Tsokar da ke aiki tana da wata ƙofar daban da take buɗe wa suga ba tare da ta jira insulin ba, kuma bayan an gama motsa jikin takan ci gaba da jin insulin sosai na kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan amfanin ya dushe. Shi ya sa ba a son ka wuce kwana biyu a jere ba ka motsa ba.

Hujjar motsa jiki mai ƙarfi ce. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, masu haɗarin kamuwa da ciwon suga da aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin suga na metformin kawai, raguwar kashi 31 ce.

Shi kuwa sanyi, maganarsa ta taso ne sosai a 2009, da aka tabbatar manya ma suna da wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a wajen wuya da saman kafaɗa, wanda ke ƙona suga da mai don ya ɗumama jiki. Sai dai masu ƙiba su ne suka fi ƙarancinsa. A 2015 masana a jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka zaunar da mutum takwas masu ciwon suga a ɗaki mai sanyin digiri 14 zuwa 15, sa'o'i da dama kullum har kwana 10. Jin insulin na jikinsu ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin 100, kuma da aka duba, tsoka ce ta yi yawancin aikin, ba wancan kitsen ba. Ka lura da abubuwa biyu: mutum takwas ne kacal, kuma iska mai sanyi aka yi amfani da ita, ba ƙanƙara ba. Wannan sanyin kuwa shi ne muke samu kyauta da asubahin Disamba da Janairu a Kano.

Mataki na 1: Ka san inda kake kafin ka ɗaga ƙafa

Ka je asibiti da safe ba ka karya ba, a auna suga da hawan jini. Wasu na'urorin suna nuna ƙaramar lamba irin 5.4, wasu babba irin 97. Ka ninka ƙaramar sau 18, za ka samu babbar. Ƙasa da 5.6, wato 100, lafiya lau. Daga 5.6 zuwa 6.9 kana bakin gaɓa. Idan ya kai 7.0, wato 126, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne, sai likita ya shigo cikin tsarin. In da hali ka nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Ana yin sa a Asibitin Malam Aminu Kano da manyan ɗakunan gwaji na cikin gari.

A gida kuma ka ɗauki tef. Ka tsaya a miƙe, ka saki numfashi, ka zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya. Kada ka shanye ciki, kada ka auna a kan riga. Namiji da ya kai santimita 94, ko mace da ta kai 80, kitsen ciki ya fara yawa. Hanya mafi sauƙi: awon cikinka kada ya wuce rabin tsawonka. Ka rubuta lambar da kwanan wata.

Sannan ka sa a duba maka bayan wuya da hammata. Akwai wani baƙi mai laushi da ke kwanciya a nan, wanda iyaye mata kan yi ta dirza wa yara da soso suna cewa dauɗa ce. Ba dauɗa ba ce, sau da yawa alama ce ta insulin da ya yi yawa a jini. Idan ɗanka mai jiki yana da shi, a kai shi gwaji, a bar wuyan yaro ya huta.

Mataki na 2: Ka tantance ko sanyi naka ne

A nan ba na sassautawa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya ɗaga hawan jini nan take. Mai sikila kada ya kusanci ɓangaren sanyi ko kaɗan, domin sanyi na tayar da ciwon. Haka mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai asma, mai juna biyu, dattijo mai rauni, da wanda ƙafafunsa suka fara dindiris ba ya jin taɓi sosai. Duk waɗannan su tsallake mataki na 6 da na 7, su sa rigar sanyinsu, su fita bayan rana ta ɗaga. Babu abin da suka rasa na kirki, tunda tafiyar ce ke ɗauke da mafi yawan amfanin.

Idan hawan jininka ya kai 180 bisa 110, ko tafiyar ma ka dakata sai ka ga likita. Idan kana allurar insulin ko kana shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, ka gaya wa likitanka za ka fara atisaye, saboda waɗannan biyun suna iya kayar da suga ƙasa fiye da kima. Kada ka rage magani da kanka don ka ga lamba ta sauka.

Mataki na 3: Fara tafiya

Makon farko minti 10 zuwa 15 kawai, kwana biyar. Na san za ka ji kamar wasa ne. Ka yi haƙuri da shi haka. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne zuwa filin wasa ranar farko a yi ta zagaye da gudu don a ga ƙoƙari, gwiwa ta kumbura, a kwanta mako biyu, daga nan kuma shiru. Mai nauyi ba ya fara da gudu. Kowane mako ka ƙara minti biyar har ka kai minti 30, kwana biyar a mako. Ka cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ke nan.

Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa da gajeruwar magana, amma ba za ka iya jan dogon karatu da ƙira'a ba. Idan kana tafe kana hira da dariya ba ko haki, yawo kake yi. Idan ko "lafiya lau" ta gagare ka, ka rage. Minti biyar na farko da biyar na ƙarshe a yi su a hankali.

Wurin yi: Filin Sukuwa, filin wasa na Ƙofar Mata, ko layin unguwarku idan ba shi da ramuka da cunkoson Adaidaita Sahu. Ka jira gari ya waye sosai, ku fita ku biyu ko uku, ka bar babbar waya a gida. Hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse sai bayan wata biyu, kuma ga mai lafiyar gwiwa. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Hajiya da ba ta samun fita, tsakar gida ta ishe ki. Ki sa agogo, ki yi ta kai da komo daga bakin zaure zuwa madafa, ko ki yi tattaki a tsaye kina ɗaga gwiwa. Idan Islamiyyarku ba ta da nisa, ki je a ƙafa ki dawo a ƙafa. Wata baiwar Allah ta taɓa ce min, "Malam, ai ni wuni nake ina aiki." Gaskiya ne, amma wanke-wanke da tsintar shinkafa a zaune ake yin su. Shara da daka da jan ruwa a rijiya su ne ke shiga lissafi.

Idan ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya, a kai ka asibiti. Idan kuwa rawar jiki ce da gumi mai sanyi da yunwa kwatsam, suga ne ya faɗi: ka ci dabinon nan ko ƙwayar suga uku, ka zauna minti 15, ka gwada in da na'ura. Ƙasa da 3.9, wato 70, ka ƙara ci.

Mataki na 4: Tafiyar bayan cin abinci

Wannan ne na fi so a duk tsarin, don shi ne mafi arha kuma na'ura tana nuna amfaninsa a ranar. Da ka gama cin abinci, musamman tuwon dare, kada ka miƙe a tabarma. Cikin rabin sa'a ka tashi ka taka na minti 10 zuwa 15. Lokacin ne suga ke kwararowa cikin jini, tsokar cinya kuma tana kwashe shi tun bai taru ba. Mafi sauƙi ga namiji: ka ci abinci bayan magariba, ka tafi sallar isha'i masallacin da ya fi na ƙofar gida nisa. Ɗan kasuwa a Kwari ko Sabon Gari, bayan abincin rana ka bar yaro a shago ka zaga layi biyu.

Ka gwada da kanka. Yau ka ci tuwonka ka zauna, ka auna suga bayan sa'a biyu. Gobe ka ci irin wannan tuwon daidai wannan yawan, ka yi tafiyar, ka auna. Yawancin waɗanda suka ga lambobin biyu da idonsu ba sa buƙatar a sake yi musu wa'azi.

Mataki na 5: Ƙarfafa tsoka, sau biyu a mako

Daga mako na uku. Iya yawan tsokarka, iya wurin da suga zai samu ya shiga. Abu huɗu sun isa:

Tashi-zauna a kan kujera mai ƙarfi, ba ta roba ba, hannu a harɗe a ƙirji. Turin bango: ka tsaya taku ɗaya daga bango, ka dafa, ka kai ƙirji kusa, ka tura. Ɗaukar jarkoki biyu cike da ruwa, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku 20 ka dawo. Lita biyar kilo biyar ce, idan ta yi nauyi ka rage ruwan. Sai ɗaga dunduniya kana dafe da bango.

Kowanne sau 10, ka huta minti ɗaya, ka maimaita. Idan ya zama ba ka jin komai, ka ƙara zagaye na uku. Kada ka riƙe numfashi yayin yunƙuri, yana harba hawan jini sama. Ka bar kwana ɗaya aƙalla tsakanin rana da rana.

Mataki na 6: Shigo da sanyi

Sai ka yi mako uku kana tafiya jiki ya saba. Abin da ake nema sanyi ne mai sauƙi na tsawon lokaci, wanda tsikar jiki za ta tashi, ka ji tsoka ta ɗan ɗaure, ko ɗan makyarkyata kaɗan. Ba a neman haƙora su yi ta haɗuwa.

Ka fara da rage kaya. Mu a nan da hunturu ya kama sai riga uku da suwaita da jaket da rawani. Ka cire guda ɗaya a fitar safe. Bayan kwana huɗu ko biyar ka sake cire ɗaya, har ka tsaya a riga mai dogon hannu marar kauri da wando. Kai da kunne da ƙafa su zauna a rufe: hula, safa, takalmi.

Ga inda mutane da yawa ba su gane ba. Da ka fara tafiya da sauri jiki yana ɗumama, sanyin ya daina aiki. Saboda haka lokacin sanyi daban ne da lokacin tafiya. Bayan sallar asuba ka zauna a tsakar gida ko baranda da wannan rigar, ka yi azkar ɗinka ko ka saurari rediyo, minti 15 a farko, a hankali har minti 30 zuwa 45. Kada ka zauna a kan siminti tsirara, ka shimfiɗa tabarma. Sannan ka tashi ka yi tafiyarka, ita za ta mayar maka da ɗumi. Kada ka juya tsarin, wato ka dawo da gumi sharkaf ka zauna a iska. Ka canza riga nan da nan.

Ka kuma rage zama gaban wuta da safe. Kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga kuwa, wannan ba maganar suga ba ce ma, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutane cikin barci. A fitar da shi kafin a kwanta.

Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, ka sa takunkumi, ko ka yi komai a cikin gida. Idan kana mura ko zazzaɓi, babu sanyi sai ka warke. Idan yatsu suka yi fari ko suka mutu, ko makyarkyata ta yi ƙarfi, ka shiga ciki ka rufa.

Mataki na 7: Wanka, ga mai so

Wannan ba dole ba ne, kuma binciken da na ambata ba da wanka aka yi shi ba. Amfaninsa a wurina shi ne yana saba wa jiki da sanyi. Ka fara da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kullum kana rage na zafin da kake sirkawa, har ka kai ruwan da ya kwana a bokiti. Ka fara zubawa a ƙafa, sai hannu, sai kafaɗa, kai a ƙarshe. Kada ka kamfato ruwan randa ka sheƙa a ka lokaci guda. Wannan shiɗewar da kake ji, zuciya ma tana jin ta. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, ka goge jiki, ka sa kaya. Ba a sa ƙanƙara, ba a kulle banɗaki da sakata.

Mataki na 8: Tsare abin da ka samu

Sanyi yana buɗe ciki. Na sha ganin mutum ya yi zaman sanyi, ya yi tafiyar minti 30, sannan ya zarce teburin mai shayi: kofi babba, madara, suga cokali huɗu, burodi rabi. Abin da ya ƙona bai kai abin da ya zuba ba. Ka shirya karin kumallonka tun dare. Ƙosai ko alala ko dafaffen ƙwai, da koko kaɗan marar suga. Ko wake da ganye. Lemon kwalba ka bar shi gaba ɗaya. Tuwo ka rage malmala, ka ƙara miya da zogale ko rama. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, hunturu yana busar da jiki a ɓoye.

Kowane dare ka duba ƙafarka da fitila, har tsakanin yatsu da ƙasan dunduniya. Faso abin raini ne a wurin mai lafiya, amma ga mai suga ƙofar gyambo ce. Ka shafa man kaɗanya a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Ka zazzage takalmi kafin ka sa. Duk ƙujewa ko bororon da ya kwana biyu bai fara warkewa ba, asibiti.

Mataki na 9: Idan hunturu ya wuce

Daga ƙarshen Fabrairu sanyin zai tafi, Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Ka ajiye mataki na 6, ba sai ka ƙona kuɗin wuta kana neman sanyin na'ura ba. Tafiya ta koma sassafe ko bayan isha'i, da gorar ruwa a hannu. Amfanin sanyi yana gushewa idan an daina, na tafiya ma haka, shi ya sa ita ba ta da hutun shekara.

Da azumi ka mayar da tafiyar bayan buɗa-baki, tafiya zuwa tarawihi ma ta shiga lissafi. Mai shan maganin suga ya ga likita kafin watan ya kama don a daidaita masa lokutan sha.

Tef sau ɗaya a mako biyu, da safe, a wuri ɗaya. Kada sikeli ya karya maka gwiwa: sau da yawa awon ciki da lambar suga suna sauka kafin nauyi ya motsa, domin tsoka na ƙaruwa yayin da kitsen ciki ke raguwa. Bayan wata uku ka koma a maimaita gwajin safe da HbA1c, ka tafi da littafinka mai ɗauke da awon ciki, lambobin suga, da kwanakin da ka yi tafiya. Da shi likita zai duba ya ga ko maganinka na buƙatar gyara.